Gyaran gungumen ƙasa a gidan katako na ƙarni na 15

Gidan da muka yi aikin yana kudancin Ingila, irin gidajen nan na masu ƙasa, kuma tsohon ɓangarensa na ƙarni na 15 ne. Ƙwarangwal ɗinsa duk na itacen da Turawa ke kira oak ne, an harhaɗa shi ba ƙusar ƙarfe ko ɗaya. Kowane ginshiƙi an sassaƙa masa harshe, an fafe masa rami a jikin gungumen da zai zauna a kai, sannan an soke su da turken itace. Abin da ya kai mu shi ne gungumen da ke kwance a kan harsashi ta bangon yamma, wanda ginshiƙai shida ke tsaye a kansa, ya ruɓe.

Ba mu ɗaga zarto ba sai da takarda ta fito. A Ingila ana jera tsofaffin gine-gine a matakai uku, Grade I, Grade II* da Grade II, kuma dokar 1990 ta ce duk aikin da zai sauya kamannin gini irin wannan sai da izinin ƙaramar hukuma. Yin sa ba izini laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. A ƙa'ida amsa na zuwa cikin mako takwas, amma kada ka tsara aikinka a kan haka, musamman idan sai an tuntuɓi Historic England, hukumar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila. Akwai kuma jemagu, waɗanda dokar 1981 ta kare su da makwancinsu, don haka sai da masani ya leƙa rufin tukuna.

Da muka buɗe bangon muka ga musabbabin. Wani ya taɓa shafe ƙasan bangon da siminti, ya kuma shafa wa katakon baƙin fenti mai kauri, ga ƙasar lambu ta tashi har ta taɓa gungumen. Katako yana motsi da danshi da bushewa, siminti ba ya bin sa. Sai tsaga ta buɗe a tsakaninsu, ruwan sama ya shiga, ya rasa mafita. Duk wanda ya taɓa ganin filastar siminti na ɓamɓarowa daga katangar laka a Kano ko Zariya ya san ciwon. Da zarar danshin katako ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100, ruɓa ta samu wurin zama, bayanta kuma sai ƙwaron nan mai ƙwanƙwasa kansa a jikin itace, wanda ke barin huji mai faɗin kamar milimita 3. Feshin magani ba ya isa inda tsutsarsa take. Busar da wurin ne ke rage shi.

A nan muka kusa yin kuskure mafi tsada. Daga waje gungumen duk ya yi kama da mushe, har muka fara lissafin sabo mai tsawon mita bakwai. Da muka bi shi da basilla da siririn abin huji taki ɗaya ɗaya, sai muka tarar ruɓar ta cinye mita biyu da rabi ne kawai, sauran kuwa santimita biyu ko uku na saman ne suka yi laushi, zuciyar tana nan kamar ƙarfe. Tsohon oak haka yake, kada fuskarsa ta ruɗe ka. Ƙungiyar SPAB mai kare tsofaffin gine-gine, wadda William Morris ya kafa a 1877, tun farkonta take jaddada a gyara abin da ke nan maimakon a sauya shi, kuma a wannan bango maganarta ta fito fili.

Kafin yanka sai tokara. Mun ɗaure ginshiƙan da ke wurin da katako a ciki da waje, muka dasa jak a ƙarƙashin azarar da ke sama, muka ɗaga da milimita kaɗan, iyakar abin da zai sauke wa gungumen nauyi. Kada ka yi ƙoƙarin miƙe gida. Ya yi shekara ɗari biyar yana karkacewa, ƙofofi da tagogi da daɓe duk sun bi shi, idan ka tilasta shi turaku za su karye a inda ba ka gani. Little Moreton Hall, wani tsohon gidan katako da ke Cheshire, wanda ya koma hannun ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust a 1938, dogon ɗakin samansa da rufin dutse mai nauyi sun lanƙwasa benen da ke ƙasa, kuma abin da aka yi shi ne tallafa masa da ƙarfe a ɓoye, aka bar shi a karkacensa.

Sabon guntun da muka sa busasshe ne a iska. Magina na da ɗanye suke sassaƙawa don ya fi laushi, sai gidan ya bushe gaba ɗaya. Amma ɗanye a gefen tsoho zai tsuke ya bar giɓi, kuma oak na ɗaukar kamar shekara guda kafin kowane milimita 25 na kaurinsa ya bushe, to ka nemi naka tun da wuri. Mun haɗa sabo da tsoho da haɗin gicciye mai hawa kan juna, tsawonsa kamar ninki uku na kaurin gungumen, muka karkata shi yadda ruwa zai zubo waje. Inda ya zama dole a sa noti mun sa na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin ruwan jikin oak yana cin baƙin ƙarfe ya bar tabo. Turakun kuwa tsaga su ake yi bin jijiyar itace, kuma hujin harshe ana gusar da shi kamar milimita 3 zuwa wajen kafaɗa, wato gindin harshen, don turken ya janyo haɗin ya matse. Na farko da na buga na gusar da yawa, bakin harshen ya tsage, sai da na sake shi.

Bangon da ke tsakanin katakan saƙar sanduna ce da yaɓe: laka, yankakkiyar ciyawa da kashin shanu. Tsohon yaɓen da ya zubo mun jiƙa shi muka sake kwaɓawa, muka ƙara sabo kaɗan. Idan ruwa ya yi yawa zai tsattsage, shi ya sa ake kwaɓa shi da tauri. A kai sai farar ƙasa, shafi huɗu sirara, kuma ba a yin ta idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

Abu ɗaya da muka hana kowa taɓawa shi ne kunkunniyar da ke jikin katakan rufi. Ita ce shaidar cewa da can wuta ake hurawa a tsakiyar zauren, ba bututun hayaƙi, ba bene. Haka ma lambobin Romawa da kafintocin farko suka zana don gane wane katako ke shiga wane. Mun ɗauki hotonsu, muka sa su a zanen da muka miƙa wa hukuma.

Daga ƙarshe muka kwashe ƙasar lambu har ta sauka milimita 150 ƙasa da gungumen, muka gyara indararon da ke tsiyayowa a kan bangon. Muna komawa da na'urar auna danshi duk wata shida, a wurare goma da muka yi wa alama.