Aikin kwana tara da na goge da hannuna

Jibi zan miƙa makullin situdiyo, bayan shekara shida ina zaune gaban na'urar haɗa sauti a nan Sakkwato. Abu ɗaya ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani Ba'abzine mai kaɗa jitar lantarki ya zo mana daga Agadas. Yana da ƙungiyarsa ta kiɗan rok da suke zaga bukukuwa, amma wannan aikin nasa ne shi kaɗai, ba waƙa ba amshi. Ya sassauta wayoyin jitar ya ɗaure su yadda kunnensa ya so, yana goga musu wuyan kwalba. Ya kai makirufo kusa da injin markaɗen maƙwabta, ya ce kukan injin ne gangarsa. Kwana tara muna naɗa. Oga ya leƙo sau ɗaya ya ce, "Wannan haukan wa zai saya?"

Ranar da baƙon ya tafi Illela gaida ɗan'uwansa, oga ya ce kwamfuta ta cika, ga masu waƙar siyasa suna jira, in tace abin da zai tacu in goge sauran. Na cire kukan injin. Na cire kuwwar amfilifaya da bawan Allah ya sha wuya kafin ya samo. Na goge asalin naɗin ban kwafa ko'ina ba. Da ya dawo, bai yi minti ɗaya yana saurare ba ya ɗago kai ya ce, "Ɗan'uwa, ina kiɗan?" Nan take oga ya ce ai yaron nan ba ya jin magana, ya zaftare mini albashin wata.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san tarihin garin nan. A Sakkwato Mdou Moctar, shi ma mai kaɗa jita ne daga Nijar, ya naɗi kundin waƙoƙinsa Anar a 2008, muryarsa cike da Auto-Tune, wato gyaran murya na kwamfuta, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, abin da masu son jitar hamada zalla ba su saba ji ba. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds na Amurka suka nemo shi. Duk na sani, amma tsoron oga ya fi ƙarfina.

Kai da za ka gaji kujerata, kada ka taɓa asalin naɗi, kuma ka kwafa wuri biyu kafin ka tashi. Abin da ka ɗauka datti ne, tambayi mai shi tukuna. Idan oga ya ce ka goge abu, sa shi ya rubuto maka ta WhatsApp, domin ranar da magana ta ɓaci zai ce bai faɗa ba, kamar yadda ya yi mini.