Abin da tarihin tseren keke ya koya mini game da iska

A duk darussan da muka yi a fannin injiniya, babu wanda ya zauna mini a rai kamar na tafiyar iska da ruwa. Kuma ba a allo na fahimce shi ba, sai da aka ba ni aikin bibiyar tarihin gudun keke, in bayyana abin da ya sa lambobin suke hawa. Da na jera su bisa shekaru, sai na ga ƙafar ɗan Adam ba ta canja sosai ba. Yadda ake ratsa iska ne ya canja.

Lissafin gajere ne. Idan ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da za ka zuba don ka riƙe wannan gudun kuwa sau takwas. Shi ya sa mai tafiyar hankali a keke ba ya jin komai, amma wanda ya kai kilomita 50 a awa kusan duk guminsa a ture iska yake ƙarewa. Gugar taya da ƙasa da ta sarƙa ƙalilan ce. Wani abin kuma, jikin mahayin ya fi keken tare iska nesa ba kusa ba: ƙirji, kafaɗu, kai da cinyoyi.

Gasar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta awa ɗaya. Mutum ɗaya ne a zagayayyen fili, babu wanda zai fake a bayansa, a ga nisan da zai ci kafin minti sittin su cika. A 1972 Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya yi kilomita 49.431. Da gangan ya je babban birnin Meziko, wanda tsayinsa ya haura mita 2,200 daga teku, inda iska ba ta da kauri. Shekara goma sha biyu babu wanda ya kamo shi, sai a 1984 Francesco Moser na Italiya ya zo wannan birnin da tayoyi rufaffu kamar faifai da matsattsun kaya, ya yi 51.151.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Graeme Obree ɗan Sikotilan. Da hannunsa ya haɗa kekensa, har da boris ɗin da ya cire daga injin wanki. Ya matse kan keken, ya naɗe hannuwansa a ƙarƙashin ƙirji, ya kwanta a kansu, kai a ƙasa, gwiwoyi suna kusan gugar ƙarfen tsakiya. Duk wanda ya ga hoton zai ce mutumin nan a takure yake, kuma a takuren yake, amma iska ba ta samun faɗin da za ta daka. A haka ya karya tarihin Moser a 1993 a Hamar ta ƙasar Norway da kilomita 51.596. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta haramta wannan zaman. Sai ya ɓullo da wani, ya miƙe hannuwa duka biyu gaba. Da wannan sabon zaman Chris Boardman na Ingila ya yi 56.375 a Manchester a 1996.

A nan ne na samu gwajin da ya fi duk wanda muka yi a ɗakin gwaji. Da hukumar ta mayar da ƙa'ida kan irin keken zamanin Merckx, Boardman ya koma wannan filin a shekarar 2000, ya hau keke irin na da, ya yi 49.441. Mita goma kacal ya ɗara Merckx. Mutum ɗaya, fili ɗaya, amma bambancin ya kusa kilomita bakwai. Gaskiya ne shekaru huɗu sun wuce a tsakani, kuma yana gab da yin ritaya, sai dai wannan ba zai cinye tazara mai yawa haka ba. Tun daga lokacin, duk lambar da aka miƙo mini a wurin aiki, kafin in yaba ko in kushe sai na tambayi yanayin da aka auna ta. An sassauta dokar a 2014, amma sai a 2022 Filippo Ganna ya wuce Boardman da 56.792 a Grenchen ta Suwizalan.

Idan aka cire takunkumi gaba ɗaya, abin sai ya koma wani iri. Tun 1933 Francis Faure na Faransa, wanda ba a sa shi a sahun gwanaye, ya yi kilomita 45.055 a awa ɗaya a kan keken da ake tuƙawa a kishingiɗe. A 1934 aka hana irin keken shiga gasa. Na san hukumar tana so a gwada mutane ne, ba ƙira ba, kuma tana da hujjarta. Duk da haka hukuncin yana yi mini ciwo, domin ya rufe ƙofar bincike na shekaru masu yawa. Waɗanda suka ci gaba a gefe sun nuna abin da aka bari: a 2016 Todd Reichert ɗan Kanada ya kai kilomita 144.17 a awa a Battle Mountain ta jihar Nevada a Amurka, yana kishingiɗe cikin wani sulɓaɓɓen ƙoƙo da ya rufe shi ruf, yana ganin hanya ta kyamara. Babu inji, babu gangara mai yawa, ƙafarsa ce kawai.

Denise Mueller-Korenek kuwa a 2018 ta kai kusan kilomita 296 a awa a filin gishirin Bonneville da ke Amurka. Motar tsere ce ta ja ta har ta ɗauki gudu, sannan aka sake ta tana taka feda a bayan garkuwar motar, inda aka riga aka buɗe mata iska. Wasu suna raina wannan, suna cewa ai mota ce ta yi aikin. Ni ban raina ba, don a irin wannan gudun kauce wa mafakar da taku ɗaya yana iya zama ajali. A rahoton da na miƙa dai ban sa lambarta a layi ɗaya da ta Ganna ko ta Reichert ba. Kowacce na ware mata shafinta, na rubuta sharuɗɗanta a sama kafin lambar.