Na'urar tuƙi a jirgin da mutum ya haɗa da hannunsa

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama a garejin gidansa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft su suka fi yawa a wannan rukuni, kuma daga samfurinsu na RV-6A aka samo jirgin Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da sojojin sama.

Na daɗe ina nazarin na'urorin da ke riƙe wa matuƙin irin wannan jirgi linzami idan tafiya ta yi nisa. Kamfanonin Garmin da Dynon sun saka tsarin tuƙin a cikin allonsu mai nuna wa matuƙi bayanan jirgi, wato G3X Touch da SkyView, don haka wanda ya riga ya mallaki allon, ƙananan injina biyu kawai zai ƙara: ɗaya na karkata fukafukai, ɗaya na ɗaga hanci da saukar da shi. Nauyin injin GSA 28 na Garmin bai kai kilo ɗaya ba. Trio Avionics kuwa na'ura mai zaman kanta yake sayarwa, wadda ta dace da mai tsofaffin agogunan jirgi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda injin zai saki linzamin ranar da ya lalace a sararin sama. Dynon ya sanya wani ɗan ƙusa da aka ƙera domin ya karye idan matuƙi ya ja sanda da ƙarfi, Garmin kuma kuloci ya yi amfani da shi, wanda ke saki da zarar an yanke wuta. Hanyar Garmin ta fi kwanta mini, domin ƙusan da ya karye sai an sauka an canza shi kafin na'urar ta sake aiki.

Duk da haka, yadda aka ɗaura injin a jikin jirgi ya fi sunan kamfani muhimmanci. Hannun injin ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, kuma idan aka bar shi ya iya miƙewa layi ɗaya da sandar da yake turawa, zai iya ƙagewa ya kulle linzamin gaba ɗaya. Shi ya sa bayan ɗauri ake kai sandar tuƙi ƙarshen kowane ɓangare, wani yana leƙa cikin fiffiken da tocila.