A bar wa kafireton Fijo 504 lafiya, a fara duba wuta

Jama'a barkanmu da warhaka. Masu tambayata me na gani a jikin tsohuwar Fijo 504 da har nake ƙarar da asabar ɗina a ƙarƙashinta, ni dai wallahi son motar nan nake har cikin raina, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake gyaranta.

Motar nan a 1968 ta fara fitowa a Faransa, 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, 1975 ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya, a shekarar ce kuma kamfanin PAN, wato kamfanin Fijo na Najeriya, ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, shi ya sa duk wanda ya tashi a arewa ya san ta, ko ta ofis ko wagon ta tasha ko fikof mai jigilar buhuna. Tawa salun ce mai injin XN1, cc 1971, da kafireto Solex, babu kwamfuta babu sansa ko ɗaya.

To ga abin da ke damuna. Da zarar mota ta fara shaƙewa ko ta ƙi tsayawa a silo, wato inji ya riƙa mutuwa in ba a taka totur ba, sai kowa ya ce kafireto ne, a kwance a wanke da fetur a hura da baki, wani ma har waya yake zurawa cikin jet ya faɗaɗa ramin, daga ranar mota ta fara shan mai ke nan tana baƙin hayaƙi, alhali sau da yawa matsalar tana wajen wutar da ke kunna mai a cikin inji. Ni kullum daga distiributa nake farawa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta. In buɗe hular in duba ko ta tsage, in duba kwantak, ƙarafan nan biyu da ke buɗewa suna rufewa a cikinta, ko ya ƙone ko ya yi tsini, in saita tazararsa a milimita 0.4 da fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, ba da ido ba, sai kwandansa, ɗan abu ne mai araha amma in ya mutu zai ƙona maka sabon kwantak cikin ɗan lokaci ya kuma bar ka a titi da zarar inji ya ɗau zafi. Bayan nan fulogi, kalarsa kawai za ta gaya maka labari, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta wani wuri, in ya jiƙe da baƙin mai kuwa sai a fara tunanin ringi. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a lura a injin nan daga bayan inji ake fara ƙirga silinda, lamba ɗaya ita ce ta wajen giyabos. Sai duk wannan ya yi daidai an saita taimin, wato lokacin da wuta ke tashi a fulogi, sannan nake taɓa kafireto, shi ma yawanci datti ne daga tanki mai tsatsa, sabuwar filta ta raba gardama.

Ɗaya abin da ke sosa min rai shi ne ruwa. An saba cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wai ƙasarmu da zafi, a cika lagireto da ruwan rijiya ko na bohol, shekara da shekaru gishirin ruwan yana toshe bututu yana cin tof silinda wanda na alminiyom ne. Injin nan layina gare shi da ake cirewa, wato bututan ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ruwa ne ke zagaye su kai tsaye, to in tsatsa ta ci mazauninsu ruwa ya fara haɗuwa da baƙin mai, ka zaro difstik ka ga ya koma kalar shayi da madara, aiki ya zama babba. Kuma don Allah duk wanda zai cire tof kar ya juya inji sai ya danne layinonin da ƙarfe da kusoshi, in suka ɗaga sil ɗin ƙasa ya tashi daga aiki sai an sauke komai. Tsohon makaniken da ya koya min wannan cewa yake, yaro ka ɗaure su tun kafin ka ajiye tof ɗin a ƙasa, Allah Ya saka masa da alheri. Ni kulant nake zubawa, wato ruwan lagireto na musamman mai hana tsatsa, tamostat ɗina yana nan, fambel in danna shi da yatsa duk sati.

Kayan gyara har yanzu ana samu a Panteka Kaduna da Ƙofar Ruwa Kano, sai dai na jabu sun yi yawa musamman kwantak da kwandansa, don haka in na dace da mai kyau biyu nake saye in ajiye ɗaya a but tare da fambel da sifana lamba 10 da 13. Robobin ƙofa da na gilashi ne suka yi wuya yanzu, wanda ya san inda ake samun na gilashin baya na salun don Allah ya taimaka ya sanar da ni kafin damina ta faɗi.