Koyon anapat: shekara huɗu daga teburin yanka zuwa sa hannu a takarda

Idan likitan fiɗa a Babban Asibitin Yamai ko a maternite Issaka Gazobi ya ciro ƙari daga nono ko mahaifa, ba shi ke da maganar ƙarshe ba. Naman zai tafi labo, wajen likitan anapat, wato mai gano cuta ta hanyar duba naman jiki a mikroskop, shi ne zai ce ciwon daji ne ko a'a, wane iri ne, kuma an ciro shi duka ko an bar saura. Rajistar ciwon daji ta Nijar ma, tun kafa ta a 1992, a labon anapat na tsangayar likitanci ta Jami'ar Abdou Moumouni ta samu mazauni. Duk da haka ƴan ƙannenmu da ke kare tezinsu na kammala karatun likita ba su cika sanin yadda ake zama wannan likita ba.

Hanyar ita ce DES, takardar ƙwarewa da ake nema bayan digirin likita. A jami'o'in yankinmu masu karatu da Faransanci, irin su Dakar da Abijan, shekara huɗu ce, darasi da aiki a labo, da jarrabawa kowace shekara, a ƙarshe a kare memwar, wato kundin bincike, gaban alƙalai. Faransa ta mai da tata shekara biyar tun gyaran 2017: ɗaya ta tushe, uku na zurfafawa, ɗaya ta aiki kusan shi kaɗai. A Amurka shekara huɗu ake yi idan an haɗa da aikin labon jini, uku idan anapat ce zalla. Kowace makaranta da yadda take raba shekarunta, amma jerin abin da ake koyo kusan ɗaya ne.

Sabon shiga yakan zo da ɗokin mikroskop, sai a miƙa masa safar hannu da wuƙa da ma'auni a tsayar da shi a teburin makro, inda ake duba naman da ido a yanka shi. A ganina a nan ake yin likitan anapat ko a rasa shi. Abin da bai yanka ya sa a kaset, ɗan akwatin da ake sarrafa naman a ciki, ba, babu farfesan da zai gan shi a gilashi har abada. Zai fara duba suna da lamba, a kan kwalba da kan takarda, su dace. Ya auna tsawo da faɗi da kauri da nauyi, ya shafa tawadar Sin a gefunan da wuƙar fiɗa ta bi, sannan ya yanka. Yankin da zai shiga kaset kada ya wuce kaurin milimita 3 zuwa 4. Idan hanji ne mai ciwon daji, sai ya bi kitsen da yatsa har ya samo kaluluwa aƙalla 12, domin ƙasa da haka matakin da za a ba cutar abin shakka ne. Aiki ne mai wari, formol, ruwan da ke hana naman ruɓewa, na sa hawaye, kuma masu gaggawa a nan suke ɓata wa majinyaci lissafi.

Formol ɗin kansa darasi ne guda. Ana amfani da na kashi 10 cikin ɗari, mai yawan da ya ninka naman sau 10 ko fiye. Shigarsa cikin nama a hankali take, wajen milimita ɗaya a awa, shi ya sa nono guda da aka jefa cikin bokiti ba a tsaga shi ba, bayansa zai kama, cikinsa ya ruɓe. Ƙa'idar naman nono ita ce ya shiga formol kafin awa ɗaya da cirowa, ya zauna tsakanin awa 6 da 72. To, a auna wannan da kwalbar da ta taso daga Tawa, fiye da kilomita 500, a cikin motar haya, a zafin Afrilu. Wata ta zo cikin ruwan gishiri, wata cikin alkol, wata a kwalba mai ƙaramin baki wadda sai an fasa ta, don naman ya taurare a ciki. Mai koyo dole ya iya gane lalacewar hanya daga lalacewar cuta, kuma ya iya ɗaga waya ya yi wa majo, wato babban nas na ɗakin fiɗa, bayani cikin ladabi, ba faɗa ba.

Daga nan sai ya zauna da masu fasahar labo, kuma wanda ya raina su ya cuci kansa. Naman na bin alkol daga kashi 70 zuwa 95 zuwa tsantsa don a zare ruwansa, sai zilen mai wanke alkol ɗin, sai farafin mai narkewa wajen digiri 56 zuwa 58. Mikrotom, injin yanka, na fere shi siriri, mikron 3 zuwa 5, a shimfiɗa a ruwan ɗumi, a ɗauka a gilashi, a rina da hematoksilin da eyozin. Makarantun Faransa kan ƙara safran. Idan wuta ta ɗauke da dare naman ya kwana cikin zilen, da safe zai riƙa farfashewa a bakin wuƙa. Idan ɗaki ba sanyi, farafin ya yi laushi, yankan ya tattare. Layi-layi a gilashi kuwa alama ce ta wuƙa mai gibi.

Sai a kai ga mikroskop. Tsarin da ya fi kyau shi ne mai koyo ya duba shi kaɗai tukuna, ya rubuta abin da yake zato, sannan ya zauna da malami a mikroskop mai kawuna da yawa. Wanda ke jira malam ya faɗa shi kuma ya gyaɗa kai, zai gama shekara huɗu bai iya yanke hukunci ba. Ana farawa da ƙaramin gilashin ƙara girma, na 4, a ga tsarin naman gaba ɗaya kafin a sauka na 40. Kuma a nan cututtukanmu ke shigowa. Kaluluwar wuya: tarin fuka ne ko limfom, ciwon dajin kaluluwa? Rinin Ziehl-Neelsen zai taimaka, amma rashin ganin ƙwayar tarin fukar ba ya wanke majinyaci. Mafitsarar mutumin bakin kogi kuwa, a nemi ƙwan tsargiya, a kuma lura da irin ciwon dajin da ke biyo bayanta.

Sitoloji, wato duba ƙwayoyin da aka shafo daga bakin mahaifa ko aka zuƙo da allura, tana zuwa da rininta, Papanicolaou da MGG, da tsarin Bethesda na rubuta sakamako. Akwai kuma gwajin nan-take: majinyaci na kwance an sa masa barci, a daskarar da naman a wajen digiri 20 ƙasa da sifili, a ba da amsa cikin kamar minti 20. Binciken gawa yana cikin manhaja, sai dai a ƙasar da ake gaggauta jana'iza ba a samun sa da yawa.

Imuno, wato rini na musamman da ke nuna wasu sinadarai a ƙwayoyin ƙari, ita ce ke raba labo da labo. A ciwon dajin nono ana neman masu karɓar estrojen da projesteron, da HER2, da Ki-67, kuma a kansu likita zai zaɓi magani. Naman da formol bai kama da kyau ba yana iya nuna babu alhali akwai, matar ta rasa ƙwayar da za ta amfane ta shekaru. Saboda haka duk mai neman gurbin DES ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin rajista: ana yin imuno a labon, ko sai an tura shi istaj, wato koyon aiki, waje, kuma wa zai ɗauki nauyi?

Shekarar ƙarshe ta rubutu ce. Takardar sakamako ta faɗi irin ƙarin, girmansa, darajarsa, gefuna, kaluluwa nawa aka samu nawa suka kamu, da matakin pTNM, wato ma'aunin nisan da cutar ta yi. Ɗalibin zai tsaya a taron da ke haɗa likitan fiɗa da na hoto da na ciwon daji ya kare abin da ya rubuta. Wanda ke son koyarwa kuma, bayan memwar akwai matakan CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci, a gabansa, har zuwa gasar agregasiyo ta shiga sahun farfesoshi.