Godiya ga waɗanda suka zo zaman tunawa da Eric Carle

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna nan Amurka. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan, gajiya ta hana ni, sai yau na samu kaina.

Alhamdu lillahi, zaman da muka yi wa yara don tunawa da Eric Carle ya yi armashi. Wanda bai san sunan ba, ya san tsutsar nan mai ci kamar gara ta littafin The Very Hungry Caterpillar, wanda ya fito a 1969. Shi ya rubuta, shi ya zana. Ya rasu ranar 23 ga Mayu, 2021, a Northampton da ke jihar Massachusetts, yana da shekara 91.

Godiyata ta farko ga Hajiya Babba, wadda ta zauna a ƙasa duk da ciwon gwiwa ta ba yara labarin da Hausa: Litinin tuffa ɗaya, Juma'a lemo biyar, Asabar kuwa ciye-ciye har ciwon ciki. Da tsutsa ta rikiɗe a shafin ƙarshe, sai Hajiya ta ce sunan wannan a wajenmu malam-buɗe-littafi. Yaran da ba sa haɗa jimla ɗaya da Hausa suka yi ta maimaita sunan, suna buɗe hannuwa suna rufewa. Wallahi sai da na koma kicin na share hawaye.

Na gode wa ƙanwarmu malamar zane da ta kawo takardu marasa kauri, fenti da almakashi. Ta nuna wa yara yadda marigayin yake aikinsa: ya shafe takarda da launi, ta bushe, ya yayyanka, ya manna. Ita ce kuma ta faɗa mana cewa na'urar huda takarda ce ta kawo masa tunanin ramukan shafukan littafin da yara ke zura yatsa a ciki. Kafet ɗina dai ya sha koren fenti, na yafe.

Masu waina da zoɓo, da iyaye mazan da suka yi jigilar yara, Allah ya saka da alheri, ya raya mana zuri'a.

An ba da shawarar mu kai yaran gidan adana zane-zanen littattafan yara da marigayin ya kafa da matarsa a Amherst a 2002. Mai wuri a mota ya sanar da ni.