Baba ya dawo gida, mun gode

Alhamdulillah, an sallami Baba jiya bayan kwana tara a asibiti. Ina rubutu ne ido na rufewa, ku yi haƙuri da saƙonnin da ban amsa ba.

Masu cewa me ya kai dattijo kan tudu cikin sanyin Landan, ai ba ku san Baba ba. Shekara talatin yana zana wa yara layin Girinwich, wanda ya raba duniya gabas da yamma, da alli a allo, ya ce ba zai koma gida ba sai ya taka shi da ƙafarsa. Ya kuwa taka, ƙafa ɗaya a gabas ɗaya a yamma, har yana yi wa jikokinsa darasi cewa layin nan ya ratsa ta Tema a Ghana, kuma daga nan agogon GMT da muke ji a rediyo ya samo suna. Gidan kallon taurarin da ke kan tudun, inda layin ya ratsa, tun 1675 yake. Da muka shiga kubbar, Baba ya ce wannan ai albasa ce. Ya sa ido a babban madubin hangen nesan mai faɗin inci 28, wanda aka kafa a 1893, ya ga ramukan wata, ya daɗe yana tasbihi.

A gangarowa ne abin da ya kai Baba asibiti ya faru. Na ƙame, ko lambar motar asibiti na kasa dannawa. Wata baturiya ta cire rigar sanyinta ta naɗe ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta riƙe hannunsa tana yi masa magana a hankali, ita kanta tana rawar ɗari. Ko sunanta ban tambaya ba. Allah Ya saka mata da alheri, Ya tsare ta da zuriyarta.

Kawu, na san za ka yi faɗa don na ambace ka, amma kwana uku ka yi a kan kujera. Maman 'yan biyu, kunun gyaɗarki ne abin da Baba ya fara yarda ya sha. Allah Ya biya ku, Ya raya muku zuri'a, Ya sa ku gama da iyaye lafiya. Waɗanda jirgin ƙasa ɗaya ne tsakaninmu amma aiki ya riƙe su, mun ga saƙonku na WhatsApp.

Rigar baiwar Allahn nan tana wurinmu, an wanke an goge. Duk wanda ya kasance a tudun a wancan daren kuma ya san ta, don Allah ya yi mini magana. Tun safe Baba ke tambaya ko an mayar.